Mun haɗa kwamfuresar gas, kwana uku ta ɗauki zafi tana ƙwanƙwasa: ina matsalar take?

Wani ƙanena da ya shekara 6 yana gyaran injin gazuwal a Sabon Gari, kafin Allah ya ba shi aiki a wata masana'anta, shi ya aiko mini da wannan tambaya. Ya ce: "Yaya, mun kwance kwamfuresar gas mai fistan, mai hawa biyu, wato silinda ta farko ta matsa gas ta miƙa wa ta biyu ta ƙara matsawa. Mun sa sagma, wato zobban fistan, sababbi, mun canza zobban toshe sanda, mun wanke kilafe, wato ƙofofin shiga da fitar gas, mun mayar. Kwana uku da tayarwa silinda ta biyu ta yi zafi fiye da da, gas na fita ta bututun shaƙar garnitir, wato mazaunin zobban toshe sandar, kuma akwai wata ƙwanƙwasa da ba a ji sai injin ya ɗumama. Maigidanmu ya ce kayan da aka kawo ne jabu. Kai me ka gani?"

Ƙanena, kafin komai ku tsayar da injin. Zafi da yoyo suna iya jiran gobe, amma ƙwanƙwasa a cikin injin da ke matsa gas ba ta jiran kowa. Ruwa ba ya tsami banza.

Batun kayan jabu kuwa, ban ce ba ya faruwa ba, mu da kayanmu ke biyowa ta hannu uku ko huɗu kafin su iso Damagaram. Sai dai zai yi wuya a ce sagma da zobba da kilafe duk sun haɗa baki sun lalace rana ɗaya. In cuta uku ta fito tare bayan an buɗe inji, hannun da ya haɗa ake fara tuhuma. Tambayar da zan yi maka ita ce: ina takardar awon da kuka yi kafin ku kwance? Na san ba ku yi ba, don da kun yi da lambobi za ka aiko mini, ba labari ba. A gareji mutum na iya zube injin mota a kan tabarma ya mayar da ka, ya tashi lafiya. Wannan injin da lamba ake haɗa shi, kuma rabin lambobin ana samunsu ne tun noti na farko bai fita ba: ratar fistan gaba da baya, karkatar sanda, ratar kuros, wato takalmin da ke riƙe sandar fistan, a cikin hanyarsa, ratar ƙasan fistan da silinda. In ba ka san yadda ka tarar da shi ba, ba ka da abin da za ka kwatanta sabon haɗinka da shi.

Tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011 a kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, samarinmu da yawa sun bar gyaran mota sun shiga aikin mai da gas, kuma hannunsu na da kyau. Abin da ke ba su wuya shi ne, kwamfuresa ta yi kama da injin mota har ta yaudari mutum. Ga bilbirke, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke juyi, ga biyal, hannun da ke haɗa shi da fistan, ga fistan, ga sagma. Amma a nan biyal ba ya riƙe fistan kai tsaye. Kuros yake riƙe, wato takalmin nan mai zamiya, kuros ya riƙe doguwar sanda, sanda ta ratsa cikin garnitir ta riƙe fistan. Fistan kuma gaba da baya yake matsa gas, in ya tafi ya matsa, in ya dawo ya matsa. Kilafe ba su da abin da ke buɗe su sai bambancin matsi. Duk cutarka uku daga waɗannan bambance-bambance suka fito.

Bari in fara da ƙwanƙwasar, don ita ce mai kisa. Ka ce da sanyi ba a jin ta. Ƙarfe na ƙara tsawo kusan milimita 0.012 a kowace mita in zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Sanda mai mita ɗaya da rabi, in ta ƙara digiri 50, ta ƙara kusan milimita 0.9. Gindinta na ɗaure a kuros, don haka wajen kan silinda take miƙewa, ta tura fistan gaba. Shi ya sa da sanyi ba a raba ratar daidai. Abin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin uku a bangaren bilbirke, kashi biyu a bangaren kai, sai in littafin injin ya faɗi wani abu dabam, to nasa ake bi. Wanda ya ɗaura sanda a kuros ya ce ai na ƙirga zaren, adadin da na kwance shi na mayar, ya yi caca ne kawai.

Ni ma na taɓa yi. Ina sabon hannu a wani kamfani, muka canza sanda, na ƙirga zare, na ɗaure, na je na ce wa maigidana an gama. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai ce mini komai ba, ya zaro wayar darma daga aljihun riga ya miƙo mini. Na cire kilafe ɗaya, na lanƙwasa wayar na zura ta ramin har ta kwanta tsakanin fuskar fistan da kan silinda, yaro ya juya injin da sandar juyi a hankali har fistan ya kai ƙarshe ya dawo. Da na zaro ta, bakin wayar ya baje kamar an taka ƙwallon goruba da mota. Na sa falma, ma'aunin kauri, na auna: bai kai milimita ɗaya ba, littafin kuma na neman fiye da ninkin haka. Dattijon ya karɓi guntuwar darmar ya saka mini a aljihu ya ce in ajiye. Da mun tayar a haka, da injin ya ɗumama fistan zai fara sumbatar kan silinda. Aikin darman nan bai fi rabin awa ba, gaba da baya. Ka yi shi, kuma ka rubuta abin da ka samu.

In darma ta nuna ratar na nan daidai, sai ka duba notin da ke ɗaure sanda a kuros, da notin fistan, da ko wani kilafe na rawa a mazauninsa don ba a danne shi sosai ba. Sannan ka buɗe magudanar balon, wato tankin da ke tsakanin hawa na ɗaya da na biyu. Gas in ya bi ta na'urar sanyaya yakan zubar da ruwa ko gas mai nauyi da ya koma ruwa-ruwa, balon nan shi ke tare shi. In ya cika ya wuce cikin silinda, to ruwa ba ya matsuwa. Bugu ɗaya na iya fasa farantin kilafe, ya lanƙwasa sanda. Masu aikin butan da furofan su suka fi kowa shan wannan, musamman da asubar hunturu, lokacin da bututu ya yi sanyi gas ya kwanta a ciki.

Sai zafi. A nan kada ka yi saurin zargin injin, fara da lissafi. Matsa gas shi kansa yana haifar da zafi, kuma yawan zafin ya dogara ga abu uku: irin gas ɗin, ninki nawa aka matsa shi, da zafin da ya shigo da shi. Ɗauki gas mai yawan metan. In ya shiga da digiri 40 aka ninka matsinsa sau 3, zai fito wajen digiri 130. In ya shiga da 50, zai fito wajen 143. In kuma ninkin ya kai 4 da wannan shigar, ya haura 170. Ka'idar API 618, wadda yawancin manyan injinan matatu ke bi, ba ta son lissafin zafin fita ya wuce digiri 150, gas mai yawan hidirojen kuma 135. Yanzu ka tuna inda kake. A watan Afrilu da Mayu iskar Zinder kanta na wuce digiri 40, kuma da wannan iskar ake sanyaya gas ɗin. In ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin na'urar sanyaya ba a wanke ba, gas zai shiga silinda ta biyu da zafinsa, ya fito da wanda ya fi shi, alhali fistan da kilafe ba su da laifin komai. Don haka ka auna zafin shiga tukuna. In shi ne ya hau, tiyo da ruwa za su yi maka maganin da sabbin kaya ba za su yi ba.

In zafin shiga na nan yadda yake, to kilafe ne, kuma na fi karkata nan, don ka ce "mun wanke mun mayar". Kilafe su ne suka fi kowane sashe tsayar da irin wannan inji. Inji mai juyi 600 a minti, kowane kilafe na buɗewa ya rufe sau 600 a minti, sau 864,000 ke nan a kwana ɗaya. Wanka ba ya mayar wa sifirin ƙarfinsa, ba ya gyara farantin da ya ci. Injin da kansa zai nuna maka mai laifi in ka iya tambayarsa. Dubi agogon matsin da ke tsakanin hawa biyu: in ya hau sama da yadda aka saba, hawa na biyu ne ba ya kwashe abin da aka ba shi, in ya sauka, na farko ne ba ya kawowa. Sannan a ɗauki bindigar auna zafi a bi murafun kilafe ɗaya bayan ɗaya, ana kwatanta kowanne da ɗan'uwansa. Murfin kilafen shiga ya kamata ya zama mai sanyi-sanyi, in ka sami ɗaya da ya fi ƴan'uwansa zafi, gas mai zafi ne ke komawa baya ta cikinsa. Kilafen fita in yana yoyo, gas da aka riga aka matsa ke dawowa cikin silinda a sake matsa shi, zafi kan zafi.

Abubuwan da nake samu in na buɗe bayan irin wannan wanka ba su da yawa, kuma kullum su ne. An bar tsohon juwan na ƙarfe, wato zoben da kilafe ke zama a kansa don hana yoyo, manne a gindin rami aka ɗora sabo a kansa. Ko juwan ɗin ya zame ya karkace lokacin da ake zura kilafe, aka danne shi a haka. Ko an zuba sifirin kilafen shiga da na fita a kwano ɗaya, aka mayar da su yadda hannu ya kama. Ko a kilafe ɗaya rabin sifirin sabo rabi tsoho, faranti ya riƙa sauka a karkace. Mafi muni shi ne a sa kilafen shiga a ramin fita, ko a juya shi. Injinan zamani an ƙera su yadda hakan zai yi wuya, amma tsofaffi na karɓa, kuma in gas ya rasa hanyar fita, kan silinda ko sanda ne zai biya. Ni ko na ga alama a jiki, sai na sa ɗan itace na danna farantin na ga ta ina yake buɗewa: na shiga yana buɗewa zuwa cikin silinda, na fita zuwa waje. Kuma kafin kilafe ya koma, a kwantar da shi a zuba masa kananzir a gani ko zai riƙe.

Sagma ma na iya kawo zafi, kuma a nan ne bakaniken mota ke faɗawa rami da idonsa biyu. Sagman mota na ƙarfe ne, ratar bakinsa ƴar kaɗan ce. Na kwamfuresa yawanci na teflon ne, wata irin roba mai santsi, da aka cuɗa da wasu abubuwa, kuma teflon na kumbura da zafi kusan ninki goma na ƙarfe. Saboda haka ratar bakinsa da sanyi sai ka ga kamar an yi kuskure a masana'anta. Ba kuskure ba ne. In ratar ta yi kaɗan, da ya ɗumama baki ya haɗu da baki, ya cije bangon silinda, ya ci kansa. A auna shi a cikin silinda, a auna ratar gefensa a cikin kwarin fistan. Ɗamarar da fistan ke kwanciya a kanta ita ma a sa ganyen awo a ƙarƙashin fistan a rubuta ratar, don da wannan lambar ce za a san saurin cinta nan da wata shida. Wani abu kuma da ba a faɗa wa sababbi: babban fistan mai rami a ciki yana iya riƙe gas da matsinsa ko bayan an fitar da shi. A bi yadda littafi ya ce a sauke shi kafin a taɓa notinsa.

Garnitir kuwa aikin mai haƙuri ne. Kofuna ne na ƙarfe a jere da sanda ke ratsawa, kowane kofi na da zobba biyu ko uku, kowane zobe gida-gida ne da siririn sifirin ya ɗaure. Mai yankan miƙe shi ke fuskantar matsi, wato bangaren silinda, mai yankan karkace na bayansa, akwai ɗan ƙusa da ke hana yankansu haɗuwa a layi ɗaya. Gidajen zobe na da lamba ko harafi, dole su bi juna, kuma fuskar da ke da rubutun ita ke kallon matsi. Juya zobe ɗaya, gas ya sami ƙofa. Ni a kan farin ƙyalle nake jera su, kofi-kofi, daga na silinda zuwa na waje, a cikin ɗaki, ƙofa rufe. A garin nan in ka buɗe garnitir a fili da rana, kafin ka je ka sha ruwa ka dawo yashi ya riga ka. Fuskar kofi a goge take kamar madubi, ƙwayar yashi ɗaya tsakanin kofi biyu ta isa. Haka duk wani rami da ka buɗe a jikin injin, toshe shi da leda da salatif, ba da tsumma mai zare ba.

Tambaya biyu a nan. Da kuka zura sanda cikin garnitir, kun sa mata hular da ke rufe zaren bakinta? In ba ku sa ba, zaren ya karce sabbin zobban tun ba su fara aiki ba. Na biyu, kun auna sandar? Sabon zobe a kan sandar da ta ci, kamar sabon guga ne a rijiyar da ta rufta. A sa falma a wurare da yawa a tsawon inda zobba ke gogawa, a bi da farce, in farce ya tsaya a wani karce to gas ma zai bi ta nan. Bayan an haɗa a ɗora agogon awo a kan sandar, sama da gefe, a juya injin a ga yadda take lilo. Kaso ne na milimita ake magana, kuma kowane inji da iyakarsa a littafi. In lilon ya yi yawa, zobba ba za su iya bin ta ba, dalilin kuma yakan kasance ɗamarar fistan, ko ratar kuros, ko notin kuros da bai zauna daidai ba, ko silindar da ta sauka don ƙafarta ta saki. Sabon garnitir na iya ɗan yoyo a farko kafin ya zauna. Amma raguwa ya kamata ya riƙa yi. Naka da ke ƙaruwa a kwana na uku, a buɗe shi.

Kada ka manta da mai. Famfon da ke ɗiga wa silinda da garnitir mai, ɗigo-ɗigo yake bayarwa, in bututun ya zama fanko bayan gyara zai daɗe kafin mai ya isa, zobba kuwa na gogawa a bushe. A cika kowane bututu da famfon hannu har mai ya fito a bakinsa babu kumfa, sannan a ɗaura. Yawan mai shi ma ba alheri ba ne, yana manne farantin kilafe ya makara wajen buɗewa.

Batun ɗaurin noti ba zan tsawaita ba, amma in na ga an zura bututu a hannun kle ana hawa, raina ɓaci yake. Kusan kashi 9 cikin 10 na ƙarfin da kake sawa gogayya ce ke cinye shi, don haka lamba ɗaya a kle mai awo na ba da ɗauri dabam in zaren a bushe yake, dabam in an shafa mai, dabam in an shafa man toka. Abin da littafi ya ce a shafa shi za a shafa. A ɗaure a gicciye, a hawa uku, ba a kai noti ɗaya ƙarshe sauran na sake ba. Murfin kilafe in bai ɗauru ba kilafe ya yi ta rawa yana dakan mazauninsa, in ya wuce kima ya murɗe.

Da za ku sake buɗewa, a kashe wuta a sa kwado, makullin a aljihun mai aikin. A rufe ban, wato makullin bututu, na shiga da na fita, a sa farantin toshiya, a sauke matsi, a kore gas da azot, iskar nan da ba ta kama wuta, a gwada da na'urar jin gas. Butan da furofan sun fi iska nauyi, a rami da kwata suke kwanciya. Ko agogo ya nuna sifili, murfin kilafe ba a cire notinsa duka: a sassauta kaɗan, a ɗaga murfin yana riƙe, in akwai ragowar matsi ya fita ta gefe ba ta fuskarka ba. In an gama haɗi, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku a ji babu inda ya cije, a cire sandar juyi, a sake kore iska da azot kafin gas ya shiga, a kunna famfon mai har matsi ya hau. A tayar babu kaya na ƴan mintoci, a tsayar, a jira ya huce kafin a buɗe ƙofar akwatin bilbirke, don hayaƙin mai mai zafi in ya sami iska yana iya kamawa. A taɓa kusine, wato mazaunin da bilbirke ke juyawa a ciki, da hanyar kuros, sannan a ƙara kaya sannu a hankali.

Gobe da safe, kafin ku taɓa ko noti ɗaya, ka je wurin masu kula da aikin injin ka karɓi littafin aikinsu, ka kwafo zafin shiga da na fita na kowace silinda da matsin tsakiya, na kafin gyara da na kwana ukun nan. Sannan darma, gaba da baya, sannan agogon awo a kan sanda, duk kafin sanda ta rabu da kuros. Kilafe in sun fito, kowanne a rubuta masa raminsa da alli. Maigidanku kuma kada ka ja da shi a kan batun kayan jabu, ka ce masa kawai a yi awo kafin a yi odar wasu. Ka turo mini lambobin da hoton zobban yadda suka fito daga kofi, kada a wanke su.